Kowane Allo da Ɗakinsa: Yadda Ake Jona Allunan Sauti a Yi Musu Akwati

  

A makonnin baya mun haɗa ƙananan alluna guda uku, irin waɗanda masu gyaran rediyo suke kira fanel. Na farko shi ne mai kuka, wanda muka gina a kan aisi mai lamba NE555. Da rasista biyu na 1k, da bolum na 100k, da kafasita ta 100nF, yana kaɗawa daga kusan sau 70 zuwa kusan sau 4,800 a sakan ɗaya, wato daga murya mai kauri zuwa siririya. Na biyu shi ne mai ɗaga murya, mai aisi LM386, wanda yake tura sautin cikin sifika. Na uku shi ne mai ƙirga taku, mai aisi CD4017, wanda wata NE555 mai tafiyar hawainiya take kaɗawa, shi kuma yana sauya muryar mai kuka taku bayan taku.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: kowane allo yana aiki shi kaɗai, amma da an jona su sai a ji gurnani, ko murya ta dinga rawa, ko a sa su a jaka zuwa makaranta a tarar waya ta tsinke. Wannan shi ne abin da yake kashe yawancin ayyukan kulob ɗin JETS. A yi wahala a nuna abu ranar baje koli, a tafa, bayan mako biyu yana kwance a lokar malamin Fiziks ba ya ko tari. Kuɗin tara da aka tara aka sayi kaya ya tafi a banza. Maganin abin yana wuri biyu: yadda aka jona allunan, da gidan da aka yi musu. A kansu za mu tsaya yau.

Me ya sa ake raba na'urar gida-gida?

Sintesaiza na'ura ce da take ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki, babu fata, babu tsirkiya, babu busa. Kun saba jin ta ko da ba ku san sunanta ba, domin fiyanon Yamaha da situdiyoyin Kano suka dogara da shi wajen waƙoƙin fim tun ƙarshen shekarun 1990 danginta ne. A maƙwabta ma an daɗe da farawa: a 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da ogan na lantarki ƙirar Italiya, kuma kiɗan nasa ya daɗe yana fita a rediyo da talabijin na Nijar tsakanin shiri da shiri.

Fiyanon situdiyo a rufe yake, komai yana ciki, kamfani ya gama yanke hukunci. Amma na'urar da injiniya Robert Moog ya nuna a birnin New York na Amurka a 1964 daban take. Ya raba ta ɗaki-ɗaki: wannan yana haifar da sauti, wannan yana tace shi, wancan yana ɗaga shi ko ya sauke shi, mai kiɗa kuma yana jona su da gajerun wayoyi yadda ya ga dama. Ku tuna makaɗan fada ranar hawan sallah a Ƙofar Kudu. Mai kakaki da aikinsa, mai algaita da nasa, mai tambari da nasa. In algaita ta samu matsala ba a jefar da tambari, ita kaɗai ake gyarawa.

Babbar dabarar Moog ita ce wani allo ya iya ba wani umarni ta hanyar ƙarfin wuta. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya san wannan. Hannu ɗaya yana duka, ɗaya hannun yana matse tsirkiya ko ya sake ta, murya tana hawa tana sauka. A na'urarmu, mai kuka shi ne fatar kalangu, wutar da mai ƙirga taku yake aiko masa kuma ita ce hannun da yake matsa tsirkiya. A ƙa'idar Moog, duk ƙarin bolt ɗaya yana ninka yawan kaɗawar sauti sau biyu. A tamu NE555 umarnin yana shiga ta ƙafa ta 5, kuma abin a juye yake: in wutar ta ƙaru, murya kauri take yi.

Kafin dalma, a yi yarjejeniya

Masaƙanmu na gargajiya siririn ƙyalle suke saƙawa, a zo a ɗinke shi gefe da gefe ya zama zane ko babbar riga. Abin yana yiwuwa ne saboda faɗin saƙin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Haka allunan sauti suke. A tsakiyar shekarun 1990 wani Bajamushe mai suna Dieter Doepfer ya fitar da ma'aunin da ake kira Eurorack: tsayin fuskar kowane allo milimita 128.5, faɗinsa ninkin milimita 5.08, wutarsa bolt 12 ta sama da bolt 12 ta ƙasa, jakinsa na milimita 3.5. Yau kamfanoni masu yawa a ƙasashe daban-daban suna bin wannan ma'auni, shi ya sa allon da aka ƙera a Japan yake zama daram kusa da wanda aka ƙera a Jamus.

Mu ba ma buƙatar awon da sai da injin kamfani ake yanka shi. Rular lissafinku ta isa. Ga ma'aunin da nake ba kowane kulob shawara ya rubuta a kwali ya manna a bango:

1. Tsayin fuskar kowane allo santimita 15. Faɗinsa santimita 5 ko 10.
2. Ramin sukuru santimita 1 daga gefen sama, santimita 1 daga gefen ƙasa.
3. Wuta bolt 9 ce ga kowa. Jar waya fulos, baƙar waya mainos, wadda za mu dinga kira ƙasa. Kada a yi amfani da waɗannan launuka biyu a wani aiki.
4. Duk jak na milimita 3.5 ne, irin na iyafis.
5. Mashiga a hagu, mafita a dama, kuma a zagaye kowace mafita da jan fenti ko jan farce.

In kuka tsaya a kan wannan, allon da ɗalibar SS1 ta haɗa a Gwale zai shiga akwatin da ɗan SS3 ya ƙera a Yakasai ba tare da an kankare komai ba. Kuma in 'yan ajin ƙarshe sun tafi, na bayansu za su ɗora daga inda aka tsaya.

Rabon wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wuta daga batir zuwa allo na farko, daga shi zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, kamar jerin gwano. Waya ɗaya ta saki, duk na bayanta sun mutu. Ga shi kuma duk wutar da na ƙarshe yake ja sai ta ratsa ta cikin na gabansa, ta dame musu lissafi.

Abin da ya dace shi ne a yi babban layi. Ku nemi guntun wayar wayarin ɗin gida mai kauri a wurin mai aikin lantarki, ku feɗe robar, ku miƙe jan ƙarfen guda biyu a ƙasan akwati, tsakaninsu kamar santimita 3, ku danne su da ƙananan sukurori. Ɗaya fulos, ɗaya ƙasa. Kowane allo ya sauko da wayoyinsa biyu ya sha daga nan, kamar yadda kowane gida yake jan nasa reshen daga babban bututun ruwa. A wurin haɗuwar ku sa farar kwanektar nan mai sukuru da masu wayarin suke amfani da ita, don a iya cire allo ba sai an narka dalma ba.

Abubuwa huɗu za ku ƙara.

Na ɗaya, dayod 1N4007 a kan jar wayar kowane allo, zoben da ke jikinta yana kallon allon. Za ta ci muku kusan bolt 0.7, amma ranar da wani ya juya batir, ita za ta tare ɓarnar. Masu Eurorack ma suna kuka da wannan matsala: wayar wutarsu tana da jan layi a gefe ɗaya, wanda ya soka ta a juye yana iya ƙona allo mai tsada cikin ƙiftawar ido.

Na biyu, kafasita ta 100nF tsakanin ƙafar fulos da ƙafar ƙasa ta kowace aisi, a matse kusa da ita sosai. NE555 tana fizgar wuta duk sanda ta juya, kuma wannan fizga tana bin layi ta shiga sauran alluna. Ƙaramar kafasitar kamar randa ce a ƙofar ɗaki, ana kamfata a kusa ba sai an girgiza babban bututu ba.

Na uku, mai ɗaga murya ya samu nasa wayoyin kai tsaye daga bakin batir, a kuma sa masa babbar kafasita ta 470µF. Shi ne acici a gidan. In ya ja wuta da ƙarfi layin yana yin ƙasa, muryar mai kuka ta dinga rawa. Ku lura, irin wannan kafasita tana da fulos da mainos, farin layin da ke gefenta shi ne mainos, kuma in aka juya ta tana iya fashewa.

Na huɗu, makunni ɗaya da ƙaramar fitila LED tare da rasista ta 1k a gaban akwati, don kada a manta da na'ura a kunne har gari ya waye. Ƙaramin batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba ya daɗewa in akwai sifika. Batir shida irin na rimot babba, masu bolt 1.5, a jere suna ba da bolt 9 ɗin, kuma sun fi juriya nesa ba kusa ba.

Hanyar sauti da hanyar umarni

Wayoyin wuta a ciki suke ɓoye. Na sauti da na umarni su ne a waje, su mai kiɗa yake sokawa yana zarewa. Kowane jak yana da baki da jiki. Bakin shi yake ɗauke da saƙo, jikin kuma dole a jona shi da baƙar wayar allon. In fuskar allon ta katako ce ko roba, babu abin da zai haɗa jikin jak da ƙasa sai wayar da kuka sa da hannunku. Gurnanin da da yawa kuke ji, daga nan yake.

Doka ɗaya ce a nan: mafita tana zuwa mashiga. Kada a taɓa jona mafita da mafita, domin kowacce za ta yi ƙoƙarin tura tata wutar, kamar mutum biyu sun haɗu a siririn lungu kowa ya ƙi kaucewa. Da yake na san wani ƙani zai gwada, ku sa rasista ta 1k kafin kowace mafitar jak, ita za ta rage ƙarfin karon. Wayar sifika kaɗai ce ba a sa wa, ita ma a cikin akwati take, ba ta da jak.

Sautin da yake fita daga ƙafa ta 3 ta NE555 ya fi ƙarfin mashigar LM386, wadda ita kanta tana ninka abin da aka ba ta sau 20. Saboda haka a mashigar mai ɗaga murya sauti ya fara ratsa kafasita ta 10µF, sannan bolum na 10k, kafin ya isa aisi. Kafasitar tana barin kaɗawa ta wuce, tana tare tsayayyiyar wuta. Amma a hanyar umarni kada ku sa ta, domin umarnin kansa tsayayyiyar wuta ce. Don kada a rikice, ku rubuta S a ƙarƙashin jakin sauti, U a ƙarƙashin na umarni.

Wayoyin sokawa kuwa, tsofaffin wayoyin da ake jona waya da sifika sun wadatar. Ku gwada kowacce da mita tukuna, ku lanƙwasa wuyanta kuna kallo, domin a wuya suke karyewa ta ciki.

Akwatin kansa

Wanda yake zaune a cikin birni bai rasa masu sana'a ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har yau tana da dukawa da masu kayan ƙira. Ƙofar Ruwa akwai ƙarafa da noti da sukuru. Ƙofar Wambai akwai kayan roba iri-iri. Aisi da jak da bolum kuma sai an fita wajen ganuwa zuwa Sabon Gari. Kafinta kuwa kusan kowace unguwa akwai shi, kuma guntayen filawud da yake zubarwa sun ishe mu.

Ku je wa kafinta da zane a takarda, da awo a rubuce. Ku gaishe shi, ku ce: “Baba, akwati muke so, cikinsa faɗi santimita 40, tsayi 15, zurfi 10, da siririn katako biyu a bakinsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa.” Waɗannan siraran katako su ne za a dinga ɗaure fuskokin alluna a kai. Santimita 40 ɗaki takwas ke nan na santimita 5. Allunanmu uku da sifika ba za su cika shi ba, kuma da gangan ne, gurbin na allunan gaba ne. Kafin su zo, ku rufe shi da guntun filawud.

Wane abu ya fi dacewa? Kowanne da amfaninsa da aibinsa. Katako yana da sauƙin hudawa, ba ya ɗaukar wuta, kuma yana gyara muryar sifika. Sai dai ba ya tare gurnanin da wayoyin gida suke watsawa, wanda yake kaɗawa sau 50 a sakan, kuma gara tana son sa. Akwatin kwano irin na 'yan makarantar kwana, ko babban gwangwanin biskit, yana tare wannan gurnani in an jona jikinsa da baƙar waya a wuri ɗaya. Hatsarinsa shi ne in bayan allo ya taɓa kwanon, wuta ta haɗu. Robar ajiye abinci ita ce mafi arha, amma tana tsagewa wajen huda, rana kuma tana cinye ta. Shawarata ita ce akwatin katako da fuskokin alminiyam, daga guntayen da masu haɗa tagogi suke ragewa. In babu, filawud siriri a manna masa takardar alminiyam ta baya a jona ta da ƙasa, a tabbatar ba ta taɓa ƙafafun bolum ba.

Kowane allo a jikin fuskarsa ake ɗaure shi, yadda in an kwance sukuru biyu zai fito gaba ɗaya da bolum ɗinsa da jakinsa. Don kada bayansa ya taɓa fuskar, ku yanka bututun tsohon biro guntu-guntu, santimita ɗaya da rabi, ku zura dogon sukuru ta ciki. Kada ku bar allo yana lilo a jikin wayoyinsa. Dalma aikinta wuce da wuta, ba ta ɗaukar nauyi. Duk wayar da za ta bar allo ku fara zura ta ta wani rami a gefensa kafin ku liƙa ta, yadda in an ja, ramin ne zai sha wahalar. Ku bar mata ɗan rara, kamar santimita 20, don allo ya iya fitowa waje ana dubawa.

Sannan ku tuna garin da muke ciki. Da hunturu ƙura tana shiga bolum, ka murɗa ka ji ƙarar-ƙarar, don haka akwati yana buƙatar murfi ko rigar yadi da tela zai ɗinka. A wannan lokaci na bushewar iska ne kuma jiki yake tara wutar nan da take tartsatsi in ka cire rigar sanyi, kuma tana iya kashe CD4017 ba tare da ka ga komai ba. Ku taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ku ɗauke ta, ku kuma zaunar da kowace aisi a kan soket maimakon liƙa ta kai tsaye. Da bazara, a watan Afrilu, zafi yana kaiwa digiri 40, gam ɗin da ake narkawa yana saki, batir yana iya yoyo, shi ya sa sukuru ya fi gam, kuma a cire batir in za a yi hutu. Da damina ƙasan ɗaki yana yin danshi, sai a yi wa akwati ƙafafu da guntun tsohon tayar keke a ɗora shi a kan kanta. Kada a bar rami mai faɗi, kyankyaso yana son ɗumi, ɓera yana son waya. Ramukan sifika ku rufe su ta ciki da guntun gidan sauro.

A ƙarshe ku zana taswirar wayoyin ku manna a cikin murfi, da kwanan wata da ajin da ya yi aikin. Wanda zai gyara bayan shekara biyu zai yi muku addu'a.

Ranar kunnawa

Gaggawa aikin shaiɗan, in ji manya. Ku bi wannan tsari:

1. Babu batir, babu allo ko ɗaya. Ku sa mita tsakanin layin fulos da na ƙasa. In ta yi ƙara, akwai inda suka haɗu, ku nemo shi.
2. Ku sa batir ku kunna. Mita ta nuna kusan bolt 9, fitila ta kama.
3. Ku kashe, ku jona mai ɗaga murya shi kaɗai. Ku kunna, ku soka waya a mashigarsa ku taɓa bakinta da yatsa. In kun ji ɗan gurnani, lafiyarsa ƙalau.
4. Ku kashe, ku ƙara mai kuka. Ku kashe, ku ƙara mai ƙirga taku. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum a kashe.
5. Bayan kowane ƙari ku ɗora yatsa a bayan aisi. In ta yi zafin da ba za ku iya jurewa ba, ko kun ji ƙauri, ku kashe nan take.
6. In komai ya yi, ku ɗaga akwatin ku girgiza shi yana kunne. In sauti ya yanke, akwai sako-sakon waya. Gara ku gano ta yau da ku gano ta a gaban alƙalan gasa.

Amfanin wannan tsari shi ne, in matsala ta ɓullo kun san allon ƙarshe da kuka ƙara ne ya kawo ta.

Gargaɗi, kuma ba wasa nake ba

Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Babu abin da zai haɗa akwatinmu da soket ɗin bango. Masu zuwa wurin 'yan gwangwan neman tsofaffin kaya, rediyo mai batir da ƙananan sifiku sun ishe ku. Kada ku buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko inbata, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire su daga soket. Kada ku huda ko ku liƙa batirin waya, yana kamawa da wuta. Dalma tana ɗauke da gubar da take taruwa a jiki: kada a riƙe ta da haƙori, a yi aiki inda iska take shiga, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ƙarfen liƙi yana wuce digiri 300, ku yi masa mazauni, ku nisanta shi da tabarma da ƙannenku. Hudar alminiyam kuma a yi ta gaban malami ko wani babba.

Gidajen cikin birni katanga ɗaya ce tsakaninku da maƙwabci. A rage murya da daddare, a kashe lokacin sallah. Wanda zai sa iyafis ya sauke bolum ƙasa kafin ya kunna, kunne ba ya da sifiya.

In a gida ba a son kiɗa fa?

Wasunku sun rubuto cewa iyayensu ba za su yarda da kayan kiɗa a gida ba. Ku bi maganarsu, babu jayayya. Akwatin nan da allunan nan su ne dai za su zama ƙararrawar makaranta, ko jiniyar da za ta yi kuka in an buɗe ƙofar shago, ko abin gwada sifika. Abin da kuke koya ya wuce sauti. Duk wanda ya leƙa cikin kwamfutar tebur ko akwatin na'urorin sadarwa zai ga tsarin nan: alluna daban-daban, layin wuta ɗaya, ma'auni ɗaya, gida mai kare su. A jami'a ma, ranar kare aikin ƙarshe, na'urar da ta iso ɗakin a raye ita ake saurara. Ɗalibin da ya saba auna abu kafin ya yanka, ya rubuta abin da ya jona, ya riga ya yi nisa tun kafin ya cike fom ɗin JAMB.

Aikin wannan mako

Kada ku kunna ƙarfen liƙi tukuna. Ku zauna da 'yan kulob ɗinku ku amince da ma'auni. Ku yanka kwalin indomi daidai girman fuskoki uku, ku zana inda kowane bolum da jak zai zauna, ku tabbatar yatsu biyu za su iya murɗa bolum ba tare da sun bugi na kusa ba. Ku jera kwalayen a kan tebur ku gani ko wayoyinku za su kai daga mafita zuwa mashiga. Gyaran kwali kyauta ne, gyaran alminiyam da kuɗi. Sai kun gamsu sannan ku nufi kafinta.

'Yan mata, wannan fili naku ne ku ma, ina jiran ganin zanen makarantunku. Ku aiko da hoton kwalayenku ta hannun malaman kulob, za mu zaɓi guda uku mu duba su tare a nan. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu haɗa allo na huɗu, matacin sauti, wanda zai tausasa kukan NE555 ya rage masa kaifi. Ku tanadar masa ɗaki mai faɗin santimita 5 tsakanin mai kuka da mai ɗaga murya.

Na bar ku lafiya.